Tun Ran Gini, Ran Zane: Ina Wurin Mai Keke A Mararrabun Magariya Da Dungass?

A watan Mayun 2025 Bankin Duniya ya amince da ware wa Nijar dala miliyan 400 domin sabunta babbar hanyar ƙasa ta RN1 tsakanin Maraɗi da Zinder, tare da gyara ɗaruruwan kilomitoci na hanyoyin karkara. Labari ne da ya faranta ran direbobi da 'yan kasuwa, da ma duk wanda ya taɓa shan wahalar ramukan wannan hanya. Sai dai akwai wata tambaya da ba a cika jin ta ba a wajen bikin ƙaddamar da aikin hanya: idan kwalta ta iso bakin gari, ta haɗu da wata hanyar, ina aka tanadar wa mai keke ya bi?

RN1 ba ta bi ta Magariya ko Dungass ba, amma tambayar ta shafe su ƙwarai. Magariya ta riga ta ga yadda sabuwar kwalta ke sauya gari. Hanyar RN11, wadda ta taso daga Agadez ta ratsa Tanut da Zinder, ita ce ke gangarowa ta Bande ta shiga Magariya, ta wuce Tinkim zuwa iyakar Najeriya. An sabunta ɓangarenta na Zinder zuwa iyaka a zamanin shugaba Mahamadou Issoufou da kuɗin Tarayyar Turai. Duk aikin da za a yi nan gaba a wannan yanki, ko faɗaɗa mashigar gari ne, ko shimfiɗa kwalta a hanyoyin da ke zuwa daga gabas da yamma, zai ƙare ne a kan mararraba. A nan ne ake yanke hukuncin da zai shafi rayukan mutane na shekara ashirin ko fiye, kuma galibi ana yanke shi a kan takarda, a ofishin da ke nesa da garin.

Hanya ta yi kyau, gudu ya ƙaru

Duk wanda ya san tuƙi ya san cewa rami ma wani irin ɗan sanda ne. Muddin hanya ta lalace, direba ba ya iya sakin mota. Ranar da aka shimfiɗa sabuwar kwalta, motar da ke rarrafe a da sai ta koma gudun kilomita 80 ko 100 a awa, kuma da wannan gudun take isowa bakin gari, inda gidaje da makarantu da masu talla suka riga suka matso gefen titi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun motoci na ƙara yiwuwar haɗarin da ke kisa da kashi 4 cikin 100. Lissafin birki ma a bayyane yake. Ƙaramar motar da ke gudun kilomita 30 a awa na buƙatar kimanin mita 13 kafin ta tsaya cak, daga lokacin da direba ya hangi abu a gabansa. A gudun kilomita 50, tazarar ta ninka zuwa kusan mita 27. A gudun 80 kuwa ta haura mita 50. Wannan a kan busasshiyar kwalta ke nan, da birki mai kyau. Tirelar da ta ɗauko buhunan wake ko shanu tana buƙatar fiye da haka nesa ba kusa ba.

Yankin da wannan hanya ta ratsa kuma ba daji ba ne. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna gundumar Magariya na da mutum fiye da 570,000, Dungass kuma, wadda aka ɓalle ta daga Magariya ta zama gunduma a 2011, na da fiye da 350,000. Yana cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a karkarar Nijar. Ƙauyuka kusa da juna suke, kasuwannin mako suna zagayawa, fadamu na fitar da rake da kayan lambu. Tafiyar kilomita 5 zuwa 15 ita ce tafiyar yau da kullum, kuma irin wannan tazara ce keke ya fi dacewa da ita.

Su wa ke kan keke?

Matashin da ya tashi a Zinder ko Yamai ko Kano zai iya ɗauka cewa zamanin keke ya wuce tare da Raleigh da Phoenix ɗin kakanninsa. Gaskiya ne babur ya mamaye hanya. Kabu-kabu ya zama sana'ar dubban matasa, kuma burin duk wanda ya je cirani ya dawo da ɗan abin hannunsa shi ne ya sayi babur. Amma a tsaya a mashigar kowane babban gari da sassafe a duba waɗanda ke shigowa a kan keke: ɗalibin sakandare da ke zuwa daga ƙauye saboda babu makarantar gaba da firamare a garinsu, manomi da damin ciyawa ko buhun hatsi a baya, mai sayar da ice, malamin allo, dattijon da ba shi da kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa. Mutanen da ba su da murya a wajen tsara hanya ke nan.

Shekarun nan kuma sun nuna cewa babur ba abin dogaro ba ne kullum. Garuruwan bakin iyaka sun daɗe suna rayuwa da man fetur mai arha da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda 'yan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalabe. A ranar 29 ga Mayun 2023 shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, farashi ya yi tashin gwauron zabo, arhar ta kau. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. Gwamnatin Nijar ta sauko da farashin litar fetur zuwa sefa 499 a watan Yulin 2024, amma a watan Maris na 2025 ƙasar ta shiga ƙarancin mai, aka ga dogayen layuka a gidajen mai, duk da matatar SORAZ da ke cikin jihar Zinder. A irin waɗannan ranaku keke ne abin hawan da ba ya jiran tanka.

Ga kuma batun yara. Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Yaro ɗan shekara 13 ba shi da izinin tuƙa babur, kuma bai kamata a ba shi ba. Idan makaranta na da nisan kilomita 7, zaɓinsa ƙafa ne ko keke. Ga yarinya mace, tsaron hanya na daga cikin abubuwan da iyaye ke dubawa kafin su yarda ta ci gaba da karatu. Mararrabar da uwa ke tsoron 'yarta ta tsallaka na iya zama dalilin da karatun zai tsaya a aji shida.

Abin da alƙaluma suka ce

Rahoton WHO na 2023 kan tsaron hanyoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 suka mutu a haɗurran hanya a duniya a 2021, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙafa ne da masu babur da masu keke. Yayin da jimillar mace-macen ta ɗan ragu a duniya cikin shekara goma, ta masu keke ta ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100. Rahoton ya ce kashi 0.2 cikin 100 ne kawai na hanyoyin da aka bincika suke da layin keke.

Afirka ce ke kan gaba a yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'a, kimanin mutum 19 cikin kowane 100,000, alhali motocin nahiyar ba su wuce kashi 3 cikin 100 na motocin duniya ba. Wani rahoto na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2022 ya ce fiye da mutum biliyan ɗaya ke tafiya a ƙafa ko a keke kowace rana a Afirka, kuma a kullum ana kashe kimanin masu ƙafa 261 da masu keke 18 a hanyoyin nahiyar.

Ga mutumin Magariya akwai ƙarin nauyi. Wanda ya samu mummunan rauni a ka ko karaya mai tsanani sau da yawa sai an kai shi babban asibitin Zinder, tafiyar kimanin kilomita 90. Wanda haɗarin ya same shi a ɓangaren Dungass, tafiyarsa ta fi haka tsawo. Inda magani yake da nisa, rigakafi ba zaɓi ba ne, dole ne.

Me ya sa mararraba ta fi haɗari?

A miƙaƙƙiyar hanya mai keke na iya raɓewa gefe. A mararraba babu inda zai raɓe, dole ya ratsa gaban mota ko mota ta ratsa gabansa. Injiniyoyin hanya sun ƙirga cewa a mararraba mai hannu huɗu akwai wurare 32 da abin hawa zai iya cin karo da wani. Uku daga cikin yanayin da ke faruwa sun fi cin masu keke.

Na farko shi ne babbar mota mai karya kwana zuwa dama. A Nijar da Najeriya duka a hannun dama ake tuƙi, mai keke kuma a can ƙarshen dama yake. Direban tirela yana zaune a sama, a ɓangaren hagu, kuma akwai wani yanki a gefen damansa da ko madubi ba ya nuna masa. Idan ya karya kwana, kan motar zai yi faɗi, amma tayoyin baya za su yanko ciki. Mai keken da ya ga kan mota ya wuce, ya ɗauka ya tsira, tayoyin baya ne ke cim masa.

Na biyu shi ne mai keken da ke son juyawa hagu. Sai ya bar gefen titi, ya shiga tsakiya, ya tsaya tsakanin motocin da ke zuwa ta baya da masu zuwa ta gaba. Idan yana ɗauke da kaya, waiwaye ma wahala ne.

Na uku shi ne yashi da duhu. Iska da ruwan damina na tara yashi a gefen kwalta, musamman a kwana. Tayar keke ba ta jure yashi, don haka mai keke yakan matso cikin titi ba da son ransa ba. Yawancin manyan hanyoyin yankinmu faɗinsu bai wuce mita 7 ba, babbar mota ɗaya kuma na cin kimanin mita 2 da rabi. Idan biyu suka yi kiciɓis, abin da ya rage wa mai keke bai taka kara ya karya ba. A ƙara da magariba ranar kasuwa, lokacin da kowa ke komawa gida, kekuna ba fitila, amalanken shanu ba abin da ke ƙyalli a jikinsu.

Duk waɗannan abubuwa sananne ne ga masu zana hanya. Abin da ke sa a manta da su yana cikin yadda ake fara aikin. Kafin a zana hanya akan ƙirga abubuwan hawa, kuma babbar manufar ƙirgar ita ce sanin nauyin da kwalta za ta ɗauka, don a san kaurinta. A wannan lissafi tirela ce sarauniya. Keke ba ya lalata kwalta, saboda haka ba ya shiga lissafi. Wanda bai shiga lissafi ba kuwa ba ya shiga zane.

Darasi daga manyan birane

Shekaru goma sha da suka wuce manyan biranen yankin sun zuba kuɗi mai yawa a mararrabu. Yamai ta samu gadar sama ta Mali Bero a 2013, ta shataletalen Shahidai a 2016, da ta Diori Hamani a 2018. Kano ta gina gadar Ƙofar Nasarawa, ta Dangi, ta Hotoro da wasu da dama. Zinder ta samu sababbin tituna a shirin Zinder Sabuwa na bikin 18 ga Disamban 2018. Manufar irin waɗannan ayyuka ita ce mota ta wuce ba tare da ta tsaya ba. Sun rage cunkoso a wasu wuraren, amma wanda ke kan keke ko a ƙafa ya wayi gari da titi mai faɗi da motoci masu sauri a inda a da yake tsallakawa a hankali. Ƙananan garuruwa kan kwaikwayi manya, kuma haɗarin ke nan: a ɗauka cewa ci gaba shi ne faɗin titi.

Akwai wani misalin a kusa. Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, ya daɗe da ware wa masu ƙafa biyu layinsu a gefen manyan tituna, a wurare da yawa da shingen siminti tsakaninsu da motoci. Tsarin na da nasa matsaloli, domin babura sun cika layin, kuma a mararraba ake komawa a cakuɗe. Duk da haka ya nuna cewa ƙasar Sahel mai ƙaramin ƙarfi za ta iya yin hakan, ba sai mai arzikin Turai ba. Nairobi ta amince da wata manufa a 2015 da ta tanadi ware kashi 20 cikin 100 na kasafin hanyoyi ga masu ƙafa da masu keke. Habasha ta fitar da tsarin ƙasa na shekara goma kan wannan batu a 2020.

Ita kanta Holan da ake buga misali da ita, ba da layin keke aka haife ta ba. A 1971 haɗurran mota sun kashe mutum sama da 3,000 a ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara. Iyaye ne suka fito zanga-zanga suna neman a daina kashe musu 'ya'ya, sannan tsadar mai ta 1973 ta ƙara wa batun ƙarfi. Daga nan aka fara sauya yadda ake zana mararraba. Abin koyi a labarin shi ne matsin lambar jama'a ce ta riga injiniya.

Shataletale kaɗai ba ya wadatarwa

Idan aka ce za a gyara mararraba a garuruwanmu, abin da ke fara zuwa a rai shi ne shataletale da gunki ko tambari a tsakiya. Shataletale na da amfani na gaske: yana rage wuraren karo daga 32 zuwa 8, yana tilasta rage gudu, kuma ba ya buƙatar lantarki kamar danja. Amma amfaninsa ga mai keke ya danganta da yadda aka zana shi. Wani bincike da aka yi a yankin Flanders na ƙasar Beljiyam, aka wallafa a 2008, ya gano cewa haɗurran da ke raunata masu keke sun ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu bayan an mayar da wasu mararrabu shataletale. Binciken da ya biyo baya ya nuna mafi muni su ne waɗanda aka shafa wa layin keke da fenti a bakin da'irar, domin layin na ajiye mai keke daidai inda motar da ke fita za ta yanke shi.

Shataletalen da ke kare mai keke ƙarami ne, mai layi ɗaya, wanda hanyoyin shigarsa ke tilasta wa direba ya karya gudu sosai. Hanyar keke kuma tana zagayawa ta waje, a ware, ta tsallaka kowane hannu a tazarar kimanin mita 5 daga da'irar. Wannan tazara tsawon ƙaramar mota ce, tana ba direba damar ya fuskanci mai keke ido da ido kafin ya isa gare shi. Domin tirela kuwa, akan yi wa tsibirin tsakiya wani zobe na dutse ko siminti mai ɗan tudu, wanda tayoyin baya za su iya hawa amma ƙaramar mota ba za ta so hawa ba.

Abin da ya dace da Magariya da Dungass

Kwafo tsarin Holan yadda yake ba zai yi aiki a nan ba, domin ba keke kaɗai ke tafiya a hankali a hanyoyinmu ba. Akwai amalanke, jakuna, masu tura kura, da garken dabbobi da ke kan hanyar zuwa kasuwannin bakin iyaka irin su Maigatari. Abin da ya fi dacewa shi ne layin masu tafiya a hankali, mai faɗin da amalanke zai iya bi, mita 2 da rabi zuwa 3, a ɓangarorin biyu na titi, daga 'yan ɗaruruwan mitoci kafin mararraba har bayanta. A raba shi da titin mota da dakalin siminti mai tsaga-tsaga domin ruwa da yashi su wuce. Fenti kaɗai ba ya kai damina biyu, kuma ba ya hana mota hawa.

Sai rage gudu tun kafin a iso. Sanarwar Stockholm ta watan Fabrairun 2020, wadda taron ministocin duniya kan tsaron hanya ya fitar, ta nemi kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a duk inda motoci ke cakuɗuwa da masu ƙafa da masu keke. Allo mai lamba 30 ba ya isa. Ana buƙatar tudun rage gudu da aka gina bisa ƙa'ida, mai alama da ake hangowa daga nesa, maimakon irin wanda mutanen unguwa kan tara da ƙasa cikin fushi bayan an kashe yaro, wanda shi ma yakan kayar da masu babur da dare.

Sai tsibiri a tsakiyar titi a wurin tsallakawa, mai faɗin aƙalla mita 2, yadda mai keke zai tsaya da kekensa ya tsallaka hannu ɗaya, ya huta, ya tsallaka na biyu. Sai matse kwana, domin kwana mai faɗi gayyatar gudu ce. Sai fitilu masu aiki da hasken rana a kan mararrabar kanta. Sai kuma a ware wa 'yan kabu-kabu da motocin haya wurin tsayawa nesa kaɗan da kwana, domin su ne kan tare wa kowa gani.

Babu gadar sama a cikin wannan jeri, babu abin da ke buƙatar injin da ba a da shi. Siminti ne da tsakuwa da ƙwadago, kuma idan aka sa su cikin kwangila tun farko, ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin hanya. Idan aka bari sai an gama, an gina magudanar ruwa, shaguna sun kafu a bakin kwalta, to sai an fasa, an biya diyya, an sake neman kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujjojin masu cewa ba yanzu ba

Akwai masu ganin wannan magana ta yi wuri, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Suna cewa ƙauyuka da yawa a Dungass ko hanyar tsakuwa mai kyau ba su da ita, damina na yanke su daga asibiti, don haka duk sefa ɗaya kamata ya yi ta tafi ga ƙara tsawon hanya. Amsar ita ce ba a ce a yi layin keke daga Zinder har Tinkim ba. Ana magana ne kan 'yan wurare ƙalilan, mashigar gari da mararraba da gaban makaranta da kasuwa, inda haɗarin ya taru.

Wasu na cewa ko an yi layin, masu tebur da masu shayi da 'yan ruwa-ruwa za su mamaye shi cikin wata guda. Hakan na faruwa a birane da dama, kuma dalilinsa a fili yake: mararraba ce wurin ciniki. Korar masu sana'a da bulala ba ta ɗorewa. Abin da ke ɗorewa shi ne a zana musu nasu wuri a bayan layin tun farko, a zauna da shugabanninsu da sarkin tasha da wakilan sarki kafin a zuba siminti.

Hujja ta uku ita ce babura za su kwace layin. Wannan ma gaskiya ne, Wagadugu shaida ce. Shi ya sa rage gudun motoci ya fi layin kansa muhimmanci. Idan titi ya zama na gudun kilomita 30, mai babur ba shi da dalilin guje masa. Kuma duk abin da aka lissafa a sama, daga fitila zuwa matsattsiyar kwana, yana kare mai babur kamar yadda yake kare mai keke.

Wa za a tambaya?

Babbar hanyar ƙasa ta gwamnatin tsakiya ce. Ma'aikatar da ke kula da hanyoyi a Yamai ce ke amincewa da zane, asusun kula da hanyoyi na FER ke biyan kuɗin gyara, hukumar ANISER kuma ita ke da alhakin tsaron hanya. Ƙaramar hukuma ce ke da iko da tasha da kasuwa da filayen gefen titi. Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke riƙe da su, wanda ke nufin babu zaɓaɓɓen kansila da za a je a tsare a ƙofar gidansa. Wannan ya ƙara wa sarakuna, ƙungiyoyin iyayen ɗalibai, ƙungiyoyin direbobi da gidajen rediyon al'umma nauyin yin magana.

Akwai kuma ƙofar da ba kowa ya san da ita ba. Tun 2018 ƙa'idojin Bankin Duniya suka wajabta wa duk aikin da ya ba kuɗi a tantance haɗarin hanya ga al'ummar da aikin ya shafa, a tuntuɓi jama'a, a kuma buɗe hanyar shigar da koke. Taron tuntuɓa yakan ƙare a kan batun diyyar gonaki da ɗaukar 'yan gari aiki. Batutuwa ne masu muhimmanci, amma a wannan zama ne ya kamata wani ya miƙe ya ce a nuna masa zanen mararraba, ya tambayi gudun da aka tsara ta a kai, da inda ɗalibi mai keke zai tsallaka.

Matasan da suka yi karatu za su iya yin abin da kamfanin zane bai yi ba. Mutum huɗu da littafi da biro, a kan mararraba ɗaya, ranar kasuwa da ranar da ba ta kasuwa ba, daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe da kuma daga la'asar zuwa magariba, su ƙirga kekuna da amalanke da masu ƙafa da babura da motoci. Takarda mai lambobi ta fi dogon jawabi tasiri a gaban injiniya.

'Yan yankin da ke Kano, Legas, Agadez, Libiya, Aljeriya ko Turai su ma suna da abin yi. Ƙungiyoyinsu sun saba haɗa kuɗi don masallaci, rijiya ko ajin makaranta. Fitila huɗu a mararraba, ko abin ƙyalli da za a liƙa wa kekunan ɗaliban sakandare da amalanken ƙauye, ba su fi ƙarfin irin wannan gudummawa ba. Waɗanda ke zaune a ƙasashen da suka ga yadda ake ware wa keke hanya kuma sun fi kowa sanin cewa abu ne mai yiwuwa.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage mace-macen hanya da rabi kafin 2030. Ko Nijar za ta kusanci wannan buri, ba a Yamai kaɗai za a gani ba, har da wurare irin su mashigar Bande, mararrabun Magariya da bakin kasuwar Dungass. Hanyoyi za su ci gaba da zuwa, motoci za su ƙaru, yaran da ke zuwa makaranta ma za su ƙaru. Lokacin da ya fi arha a yi maganar mai keke shi ne yanzu, tun zanen yana kan takarda.